Toka a cikin wake: dabarun kakanni na da sauran amfani, ko kewar gida ce ke damun mu?

Ɗan_Dawanau12:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun shekaranjiya. Na farke sabon buhun wake a rumfata nan kasuwar Mile 12 a Legas, sai ga wata Bayarbiya da ta fi shekara biyar tana awo a wurina. Ta ɗebo a tafin hannu, ta kai hanci, ta ce magani take ji, ta zuba mini abina ta wuce. Ban yi musu ba, don ni ma warin ya bugi hancina. Ba ni na zuba ba, haka aka loɗo mini shi daga gida.

Da dare barci ya gagara, sai kakata ta faɗo mini a rai, Allah ya jiƙanta. Ita wakenta a tukunyar ƙasa yake shekara. Ta tankaɗe toka ta cakuɗa da shi, ta jefa busasshen barkono, ta liƙe bakin tukunyar da laka. Har shuka ta zagayo ba za ka ga huda ɗaya a jikin wake ba. Ba ta taɓa shiga aji ba. Mu da muka shiga, fiya-fiya muke ɗura wa abin da mutane za su ci.

Tambayata ita ce: irin waɗannan dabarun na iyaye da kakanni, akwai abin da za su tsinana mana yau a gari irin Legas, ko kewar gida ce kawai ke sa muke yabon su? In kuma suna da amfani, wa ke adana su? Don ni dai ko awon tokar ban sani ba.

Hajiya_Zango_Agege:
Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan kakarka, ɗana. Ni shekarata 34 a Agege, har yau da toka nake ajiye waken gidana, sai dai a bokitin roba mai murfi, don tukunya wuyar samu gare ta a nan. Daddawata ni nake yin abata in an kawo mini kalwa. Kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗar tumatir, babu ruwansu da an kawo wuta ko an ɗauke. Lokacin da tsutsar nan ta cinye tumatir a 2016, maƙwabtan da ke mini dariya su ne suka riƙa aiko yara roƙon kauɗa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Injiniya_Apapa:
Hajiya Allah ya ƙara lafiya, amma mu faɗa wa juna gaskiya. Tukunyar kaka mudu nawa take ci? Ashirin? Tirela ɗaya da ke sauke kaya a Mile 12 buhu ɗari uku take ɗauka. A ina za a samo tokar? Ɗan dajin da ya rage za mu ƙone? Garin da ya haura mutum miliyan 15 dabarar tsakar gida ba za ta ciyar da shi ba.

Abu_Samaru:
Injiniya, rabin maganarka gaskiya ce. Ni aikin gona na karanta, bari in ɗan fayyace. Toka ba guba ba ce ga ƙwaron wake. Cike ɗan filin da ke tsakanin ƙwayoyin take yi, wanda ya ƙyanƙyashe ya rasa hanyar yawo balle ya samu mace su hayayyafa, kuma tana goge masa maiƙon bayansa har ya bushe. Liƙe bakin tukunya kuwa toshe iska ne. To wannan toshe iskar ita ce dai a cikin buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masanan jami'ar Purdue ta Amurka suka inganta tare da takwarorinsu na Afirka, aka fara yaɗa shi wajen 2007. Ƙwaro ya shanye iskar da ke ciki ya mutu, ba a ɗiga komai ba. Kuma kafin su kai ga buhun, a arewacin Kamaru suka zauna suna kallon yadda manoma ke ajiya, har tokar sai da suka gwada suka tabbatar tana aiki. Ka ga ashe tukunyar kaka ce aka mayar buhu mai cin kilo 100.

Abin da muka musanya toka da shi kuwa mun ga inda ya kai mu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya ƙasashenta saboda yawan dichlorvos, sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Su sun ƙi ci, mu muna ta dafa wa 'ya'yanmu.

Ɗan_Dawanau12:
Malam Abu na san buhun. Matsalar, dillali yana ganin kuɗin buhu guda ya isa ya sayi maganin da zai fesa wa buhu da yawa. Shi ba shi zai ci ba.

Alhaji_Aliero:
Mu mutanen albasa ba mu taɓa sakin namu ba. Rudu muke yi. A kafa itace a ɗaga shi daga ƙasa, a shimfiɗa kara, a zuba albasa, a rufe da ciyawa kamar jinka. Iska na shiga ta ƙasa tana fita ta sama. Albasar da anka cire da bazara tana kai wata huɗu, wani sa'in biyar. Akwai wani yaro garinmu, ya dawo daga karatu ya ce ma ubanshi rudu ƙauyanci ne, ya gina ɗakin bulo ya buga kwano ya zuba. Ba a yi kwana arba'in ba wari ya hana maƙwabta zama ƙofar gida. Amma ba ni ɓoye muku, ko a rudu ana asara, balle albasar yanzu da ke shan takin zamani ba lissafi. Ruwa gare ta, ba ta jimirin ajiya kamar ta da.

Mai_Gwari_M12:
To ni bari in kawo wanda muka gada kuma yake cutar da mu: kwandon tumatir. A jera kwando kan kwando a mota, a taso daga Kadawa, tafiyar kusan kilomita 1,000. Na sama ya danne na ƙasa, kaifin kwando ya yayyanka na gefe. Ku zo kasuwa da asuba ku ga ruwan tumatir na tsiyaya daga gindin mota. Fasasshen nan da Yarbawa ke kira esha, rabin kuɗi ma da ƙyar. Kiret ɗin roba ya fi kwando nesa ba kusa ba, illarsa kawai kuɗin mayar da shi Arewa babu komai a ciki. Kwando an yi shi ne don jaki ya kai kasuwar ƙauye, mu muka ɗora masa tafiyar Ikko.

Malama_Obalende:
Maganar tukunya ta tuna mini da Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya yi koyarwa a Jigawa, kuma gidansu magina tukwane ne. Ƙaramar tukunya ya sa cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan na tsattsafowa ta jikin babbar yana bushewa, yana tafiya da zafi. Gautan da ke lalacewa a kwana uku ya kai kwana 27. A shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo a kan haka. Duk wanda ya sha ruwan randa ya san dabarar, shi dai ya zauna ya yi tunani a kanta. Ina koya wa ɗalibaina wannan a darasin kimiyya, kuma mamaki suke yi wai Bahaushen ƙauye Turawa suka karrama saboda tukunya.

Mai_Shayi_Ijora:
Malama ni fa na gwada abin nan. Na sa aka kawo mini tukwane biyu tun daga gida, ɗaya ma ta tsage a hanya. Tumatir ɗin da nake soya ƙwai da shi na zuba. Ko sanyin kirki bai yi ba, kwana biyar ya fara fumfuna.

Abu_Samaru:
Mai shayi, ba laifin tukunya ba ne, laifin iskar Legas ne. Sai iska ta bushe ruwa ke saurin tashi. A Dutse da rani tsumma kan bushe kafin ka juya, a Ijora kuwa wanki sai ya kwana a igiya. Wannan ilimin da ƙasarsa yake tafiya. In ka ɗauke shi daga inda aka haife shi sai ka sake gwaji.

Injiniya_Apapa:
Ka ga abin da nake faɗa ke nan. Mu a Legas muke.

Ɗan_Maraɗi_Gadi:
Salamu alaikum. Ni ɗan Nijar ne, gadi nike yi Lekki, karatuna bai yi nisa ba amma wannan magana na gan ta da idona. Sa'ad da nike yaro gonar babanmu ba icce ko ɗaya. Iska ta taso ta binne shuka da rairayi, sai mun sake shuka sau biyu sau uku. Dalili, da can doka ta ce icce na gwamnati ne, in ya girma gonarka ka sare reshe, ma'aikatan gandun daji su ci ka tara. Shi ya sa mutane ke kashe shi tun yana toho, kowa ya huta. Bayan yunwar 1984 abin ya sake. Anka ce in kana sassabe kada ka ƙone kututture, ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka yanke saura. Muna ce mishi sassaben zamani. Yau ka je gonarmu ka ga gawo da kalgo da aduwa. Gawo kuwa kun san halinshi: da damina yake zubar da ganye, ba ya tare ma gero rana, ƙarƙashinshi hatsi ya fi ko'ina kyau, da rani awaki su ci 'ya'yanshi. Tsofaffi sun san haka tun kafin a haife mu, tsoron tara ya sa sunka bari. Mata yanzu ba su tafiyar yini guda neman iccen girki. Masu ƙidaya sun ce abin ya kai hekta miliyan 5 da icce wajen miliyan 200 tsakanin Maraɗi da Damagaram, kuma ba dasawa anka yi ba, saiwar na nan cikin ƙasa tana jira.

Sabo_Alaba:
To ai Bature ne ya koya muku. Ba Tony Rinaudo ɗan Ostareliya ba ne? Har lambar yabo aka ba shi a 2018.

Ɗan_Maraɗi_Gadi:
Ya yi ƙoƙari, ba mu hana mishi yabo. Amma bai zo da gawo cikin jakarshi ba. Kuma shekarar nan da kake faɗi tare anka ba su da Yacouba Sawadogo na Burkina, manomi ne da bai yi boko ba. Ramukan zai ya farfaɗo da su, mu tassa muke cewa wajen Tawa: ka haƙa rami a faƙo, ka zuba taki, ruwan sama ya taru ciki, gara ta buɗa ƙasa. Da fari mahaukaci mutanen garinsu ke ce mishi.

Nas_IdiAraba:
Ina jin daɗin hirar, amma kada a tashi ba a taɓo ɓangaren lafiya ba, don a nan ne yabon gargajiya ido rufe ke kashe mutane. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Na karɓi jariri ɗan kwana takwas an cire masa belu, jini ya ƙi tsayawa, kafin a iso da shi ya yi fari fat. Belun nan halitta ce, kowa da nasa. Na ga yaro an ɗaure masa karaya tamau har hannun ya mutu, sai yankewa aka yi. Ga aska ɗaya a yi wa mutum goma aiki da ita, ciwon hanta na bin jini. Sannan wankan jego: ruwa mai tafasa safe da yamma kwana arba'in, ga kwanciya a gado mai wuta a ƙasa, ga kunun kanwa kofi-kofi. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta shi da zafin nan da gishirin kanwa. Wanda ya ce a adana ilimin kakanni, sai ya faɗa mana wanne.

Hajiya_Zango_Agege:
'Yata, haihuwa tara na yi, duka na yi wanka, ga ni garau. Ku 'yan asibiti komai namu ba ya yi muku.

Nas_IdiAraba:
Allah ya ƙara miki lafiya Hajiya, ba raini ba ne wallahi. Waɗanda abin bai yi wa daɗi ba ba sa cikin zauren nan balle su ba da labari. Kuma ban ce a zubar da jego ba. Hutun kwana arba'in, a dafa wa mace, a riƙe mata jariri, uwa ko gwaggo na kusa da ita, wannan ko a Turai nema suke. A rage zafin ruwan, a bar kanwar, shi ke nan roƙona.

Ɗan_Wanzam_Mushin:
Gidanmu wanzamai ne kaka da kakanni. Nas ta faɗi gaskiya a kan belu, mahaifina da kansa ya daina kafin ya rasu, kuma reza sabuwa yake sa kowa ya sayo. Amma a san cewa wanzami ba aska kaɗai ya gada ba. Baba ya san saiwa da sassaƙe sun fi ɗari, ya san wanda ake ɗiba da safe, ya san wanda ba a ba mai ciki. Kuma ba ya zagaye bishiya da sassaƙa, gefe ɗaya yake ɗiba ya shafe wurin da ƙasa don ta warke. Masu tallan magani a mota da lasifika, waɗanda ke cewa kwalba ɗaya na maganin cuta arba'in, su suka ɓata mana suna. Su ne kuma ke tuge bishiya har saiwa.

Barista_Ikeja:
Akwai misalin da ya haɗa maganar Nas da ta Ɗan Wanzam. A shekarun 1990 cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta karɓi wani haɗi na masu sikila daga hannun wani limamin coci mai maganin gargajiya daga Oyo. A cikin haɗin akwai masoro da kanumfari da karan dafi, abubuwan da ke kasuwar kowane gari. Aka yi yarjejeniya da shi a rubuce, aka gwada a ɗakin bincike, aka gwada a kan marasa lafiya, aka fitar da shi da sunan Niprisan, kuma sunan limamin na cikin masu haƙƙin mallaka. Daga baya kamfanin da aka ba lasisi ya durƙushe, maganin ya yi shekaru babu shi, amma wannan matsalar kasuwanci ce. Hanyar dai ita ce: a gwada, a auna, a rubuta sunan mai shi.

Dalilin rubuta suna kuwa, ku dubi darbejiya. Wani kamfanin Amurka ya yi rajistar maganin fumfunar shuka daga manta a Turai, Indiyawa suka kai ƙara suka nuna manomansu sun daɗe suna yi, aka soke rajistar a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005. Sun ci nasara ne don suna da hujja. A 2024 ma an cimma yarjejeniyar duniya a Janeba cewa mai neman rajistar ƙirƙira ya bayyana inda ya samo tsiron da ilimin. Mu in aka ɗauki namu, da wace takarda za mu je kotu? Nan Victoria Island akwai hukumar tarayya ta bunƙasa magungunan gargajiya, jihar Legas ma na da hukumar da ke yi musu rajista. Wanzamanmu nawa suka taɓa taka ƙafa can?

Sabo_Alaba:
Af, wai darbejiya ba tamu ba ce?

Abu_Samaru:
Baƙuwa ce, asalinta Indiya da maƙwabtanta, zamanin Turawa aka kawo ta. Tumatir da barkono da rogo da masara ma daga nahiyar Amurka suka zo. Barkonon da kakar Ɗan Dawanau ke jefawa a tukunya, wata kakar ce can baya ta fara gwada shi yana baƙo. Su ba su tsaya tambayar na waye ba, in ya yi aiki sun riƙe.

Sabo_Alaba:
Ikon Allah. Saura ku ce tuwo ma daga Landan aka kawo shi.

Umman_Khalifa:
Barista ya ce a rubuta. Wa zai ba ka ka rubuta? Kawuna maɗori ne, daga garuruwa ake zuwa wurinsa, har likitoci kan turo masa wanda targaɗe ya dama. Akwai man da yake haɗawa, ko matarsa ba ta san me ke ciki ba. Ya ce sai babban ɗansa zai ba. Babban ɗan yana nan Legas yana acaba, kullum sai ya tara kuɗi zai koma. Aka hana acaba a wasu sassan Legas a 2022 ya koma gida, ya tarar tsohon ya yi wata biyu ba ya magana. Da shi aka binne. Mu kanmu muna da laifi, ɓoyon ya yi yawa.

Ɗan_Wanzam_Mushin:
Umma ɓoyon da dalilinsa. Abincin gidan ke nan. Ka faɗa wa mutum yau, gobe ka gan shi a mota da lasifika.

Malam_Na_Zango:
Allah ya jiƙan kawunki. Ina so in ja hankali a rarrabe tsakanin sanin tsirrai da abin da aka cakuɗa da shi na tsafi da kiran iskoki. Na farko halal ne, neman magani umarni ne. Na biyun kuwa babu abin adanawa a cikinsa. Kuma masu cewa kakanninmu ba su rubuta ba, su bincika. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da ciwon ido. Akwai takardun Larabci da ajami jibge a gidajen malamai, wasu an tattara a Arewa House Kaduna da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, wasu gara na ci a cikin gafaka. Mun daina karanta ajami ne, sai muka ɗauka babu komai.

Zee_Surulere:
Ni a nan aka haife ni, sau uku na taɓa zuwa Katsina. Gaskiya rabin abin da kuke faɗa sai na tambayi Mama. Ban san gawo ba, ban san kalgo ba, ban taɓa ganin rumbu ba sai a hoto. Ɗazu take gaya mini wai in aka ga shamuwa ta dawo damina ta kusa. Na ce mene ne shamuwa, ta riƙe baki. Ku iyayenmu kuna cewa mun watsar da al'ada, amma wa ya zaunar da mu ya nuna mana? Ƙawata Bayarbiya ta san sunan ganye ya fi ashirin da yarensu, don kakarta na tafiya da ita kasuwa.

Hajiya_Zango_Agege:
Wannan yarinya ta fi ku gaskiya duka. Ki zo Agege ranar Asabar in nuna miki yadda ake daddawa, in za ki iya jure warin.

Baban_Yara_Ojo:
Tunda Zee ta ambaci Yarbawa, mu dubi masu masaukinmu. Alala da shinkafar ofada har gobe a ganye suke naɗewa, ganyen da suke kira ewe eran. Ka ci ka yar, ya ruɓe ya zama ƙasa. Mu muka bar akushi da ƙwarya da faifai muka rungumi leda. A watan Janairun 2024 gwamnatin Legas ta hana fararen robobin nan na zuba abinci saboda su ke toshe kwata, ruwa ya shiga gidaje. Wato sai da doka ta kore mu za mu koma inda tsofaffi suke tsaye. Ku je unguwar Makoko ku ga 'yan ƙabilar Egun, gidajensu a kan turaku cikin ruwa, sun san lokacin cikowa da janyewa ba tare da agogo ba. Injiniya ya ce mu a Legas muke. To Legas ma tana da nata kakannin.

Injiniya_Apapa:
Baban Yara, ganye na yarda. Amma kada a mayar da Makoko abin sha'awa, ka tambaye su ruwan sha da makewayi. Ni ba gaba nake da gargajiya ba. Ginin ƙasa ma na san ya fi bulo sanyi, masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina tun ƙarni na 19 har yau masu zanen gini na zuwa kallon bakan gizonsa, kuma Francis Kéré na Burkina da ƙasa ya yi suna har ya ci kyautar Pritzker ta masu zanen gini a 2022. Abin da nake ƙi shi ne a yi ta yabo a baki. A cikinku wa zai gina gidansa da tubali ya kai amarya?

Alhaji_Aliero:
Babu. Surukai ba su yarda.

Ɗan_Kabi:
Ƙarin bayani kan maganar ruwa. Mutane na kallon bikin kamun kifi na Argungu a matsayin wasa, UNESCO ma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Amma abin da ke sa a samu manyan kifaye ranar shi ne Matan Fada, ruwan da ake kamun a ciki, a rufe take sauran shekara, Sarkin Ruwa ke tsaron ta, kuma da homa da gora ake shiga. Dokar hutar da ruwa ce tun kafin a san ma'aikatar kifi. Inda aka raina irin waɗannan sarakunan sana'a, ka ga ana kamu da gidan sauro har da 'ya'yan kifi.

Malama_Obalende:
To kada hirar ta ƙare a hira. Kowa a nan yana da waya. In ka je gida da sallah, ka zauna da tsoho ɗaya ka naɗi muryarsa: sunan iri, lokacin shuka, yadda ake ajiya. Cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan na ajiye da irin wake sama da 15,000 a ɗakin sanyi, amma ɗakin sanyi bai san dalilin da ya sa manomin Kano ke son waken kanannado don harawa ba. Mu tara a wuri ɗaya, da sunan wanda ya faɗa da garinsu.

Barista_Ikeja:
Da izininsa, Malama. Kuma abin da ya shafi haɗin magani kada a watsa a Facebook.

Abu_Samaru:
Naɗin murya na da kyau amma ba ya isa. Na taɓa naɗar wani tsoho yana bayanin yadda ake gane ƙasar da ta gaji. Ya ce “ka ji ta a hannu”. Na saurara ya fi sau goma, ban ji komai a hannuna ba sai da na koma muka shiga gona tare.

Umman_Khalifa:
An sha yin irin wannan alkawarin a zauren nan. Bara ma an ce za a tara karin magana.

Ɗan_Dawanau12:
Jama'a na gode. Bayan la'asar na kira gwaggona a ƙauye, ita ta zauna da kaka har ƙarshe. Sai da ta gama yi mini dariya, wai ɗan birni ya tuna da toka. Ta ce mudu na wake, mudu na toka. A shanya waken ya bushe ƙayau tukuna, tokar ta huce sarai a tankaɗe gawayin, a cakuɗa, a danna, sannan a ƙara toka a sama kamar kaurin yatsu biyu. In za a dafa a tankaɗe a wanke. Ta ce barkonon ba dole ba ne, kaka ce dai ke son sa. Na rubuta a bayan littafin bashi.

Injiniya, ba zan iya yi wa tirela haka ba, ka yi gaskiya. Na yi magana da mai loɗo mini, na ce kaka mai zuwa ya zuba mini buhu ashirin a PICS ni zan biya kuɗin buhun, ya ce zai duba. Na gida kuma zan gwada tokar a bokiti biyu.

Abu_Samaru:
Awon gwaggo daidai yake da abin da masu bincike suka samu a Kamaru, ɗaya da ɗaya. Ka ajiye bokiti na uku babu toka don ka ga bambanci. Kuma ka kula da murfi, danshin garin nan ba wasa ba ne.

Injiniya_Apapa:
Har yanzu ba a ba ni amsa ba. A gidan da ake girki da gas, ina tokar?

Hajiya_Zango_Agege:
Kai dai Injiniya ba ka zuwa Agege. Gidajen burodin da ke gasawa da itace zubar da ita suke yi, masu tsire ma haka. Ɗan Dawanau, ka turo yaro da buhu, amma ban da ta wurin da ake ƙona shara da leda.

Zee_Surulere:
Hajiya ƙarfe nawa ranar Asabar ɗin?

Mai_Gwari_M12:
Ni dai ina jiran in ga ko Bayarbiyar za ta sayi wake mai toka, ko shi ma za ta shinshina ta ce ƙasa ka zuba don ya yi nauyi.